Na kusa shekara 3 ban koma Amurka ba, ko katin zamana na dindindin yana nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da katin zama na dindindin na Amurka, wato girin kad, tun 2017. A farkon 2022 na dawo gida jinyar mahaifina da niyyar yin wata 3. Ciwo ya ja, bayan wata 14 Allah ya yi masa rasuwa. Daga nan rabon gado da ɗawainiyar ƙannena suka riƙe ni, ga shi na kusa shekara 3. Katin ya nuna sai 2027 zai ƙare. Zan iya yankar tikiti in koma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka ladan jinya.

Malam, kada kwanan watan da ke jikin katin ya ruɗe ka. Shekara 10 ɗin nan wa'adin robar ne kawai. Katin yana zama takardar shiga ƙasar ne ga wanda bai cika shekara ɗaya a waje ba. Da ka cike fom I-131 kafin ka fito, da ka samu izinin komawa mai kaiwa shekara 2, to amma daga cikin Amurka ake nemansa, don haka wannan ya wuce ka.

Abin da ya rage shi ne bizar SB-1, ta mazaunin da ke son komawa. Za ka cike fom DS-117 ka kai ofishin jakadancin Amurka, ka zauna gaban jami'i. Zai so ya tabbatar kana da izinin zama lokacin da ka fita, kuma ka fita da niyyar komawa. Waɗannan biyu ba su cika ba da wahala ba. Na ukun ne ke ka da mutane: cewa daɗewar ta faru ne saboda abin da ya fi ƙarfinka.

A nan zan gaya maka gaskiya, labarinka kashi biyu ne. Wata 14 na jinya suna da ƙarfi, muddin akwai takardu: rahoton likita mai kwanan wata, rasit na asibiti, takardar shaidar rasuwa, da abin da zai nuna kai ne ke tsaye a kansa. Watannin da suka biyo bayan rasuwar su ne raunin. Jami'in zai ajiye takardar rasuwa a gabansa, ya ƙirga da yatsa, ya ce maka: "Daga nan zuwa yau, me ya hana ka hawa jirgi?" Mu mun san nauyin da ke kan babban ɗa idan uba ya kwanta dama, amma a idonsa zaɓi ne ka yi. Idan rabon gadon ya je kotu, nemo sammaci da kwanakin zama, domin sun fi dogon bayani amfani.

Sai kuma shaidar cewa ba ka yanke igiya da can ba. Ka ci gaba da cike takardun haraji a matsayin mazauni? Asusunka na banki yana motsi? Akwai gida, iyali, ko wasiƙar wurin aiki da ta ba ka hutu? Har tikitin dawowa na 2022 da ba ka hau ba, in yana cikin imel ɗinka, ka buga shi. Wanda kuwa ya cike harajinsa a matsayin baƙo da fom 1040-NR, ya ba da hujja a kan kansa da hannunsa.

Idan an amince, akwai sauran gwajin lafiya, fom DS-260 na neman bizar, da kuɗin biza. Idan an ƙi, babu ɗaukaka ƙara.

Wasu kan ce a hau jirgi kawai da katin. Akwai abin dubawa a maganarsu: jami'in filin jirgi ba shi da ikon ƙwace maka matsayinka, alƙalin shige da fice ne kaɗai ke yanke cewa ka yi watsi da shi. Sai dai kamfanin jirgi na iya hana ka hawa, kuma in ka isa za a iya kai ka ɗakin bincike na sa'o'i, a miƙa ka kotu, ko a tsare ka. A ɗakin binciken ne ake turo wa mutum fom I-407 da biro. Sa hannu a kansa yana nufin ka sallama zamanka da kanka, kuma ba dole ba ne ka sa, komai gajiya.

A shekara 3, ni ba zan ce ka yi wannan kasadar ba sai lauyan shige da fice ya ga takardunka. Ka nemi shawararsa tun kafin DS-117, domin ƙin amincewar da aka rubuta a ofishin jakadanci za ta bayyana a kwamfutar jami'in filin jirgi. Idan kuma kana da mata 'yar ƙasar Amurka, ko ɗa ɗan ƙasa da ya kai shekara 21, za su iya nema maka sabon kati da fom I-130. Yana ɗaukar lokaci, amma a nan ba wanda zai tsare ka da tambayar dalilin daɗewarka.