Ma'anar kalmomi: daji, ƙari, biyofsi da shimiyo

Wata mai karatu daga unguwar Birni a nan Damagaram ta rubuto cewa an ga kumburi a nonon yayarta, lokotoro ya ce ƙari ne, sai an yi biyofsi kafin a san ko daji ne. Dattawan gida kuma sun hana, suna cewa daji ba ya son ƙarfe. Tana tambayar ma'anar waɗannan kalmomi, da kuma shimiyo da ta ji ana ambata a likita.

Malama, Allah Ya ba yayarki lafiya. Tushen rikicin yana cikin kalmar daji kanta. Tun kafin zuwan maganin zamani Bahaushe yana kiran gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburin da ke cin jiki yana yaɗuwa, da sunan daji, kuma da yawa suna danganta shi da iskokin jeji, shi ya sa ake kai shi wurin mai maganin gargajiya, ana guje wa allura. Da aka buƙaci sunan cutar da Faransawa ke kira kansar, sai aka ɗora mata wannan tsohon suna tare da duk tsoron da ke biye da shi. A ganina sankara ta fi dacewa a bakin ma'aikatan lafiya, domin ba ta jawo aljanu cikin zance. Ita kansar asalinta ƙaguwa take nufi a Latin, haka ma saraɗan a Larabci, saboda likitocin Girka na dā sun kamanta jijiyoyin da ke kewaye kumburin da ƙafafun ƙaguwa.

Ƙari kuwa kalma ce mai gaskiya, daga ƙara ta fito: tsokar da ta ƙaru inda bai kamata ba. Ba kowane ƙari ne sankara ba. Akwai wanda ke zama wuri guda ba ya cin maƙwabtansa, shi ne za ki ga an rubuta benin a takarda, akwai kuma malin, mai mugunta, wanda ke kutsawa cikin naman da ke kusa. Hannu ba ya iya rarrabe su da tabbaci, hoto ma nuni kawai yake yi. Biyofsi ne ke yanke hukunci: a kashe zafin wurin, a ɗebo ɗan nama da allura, sau da yawa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a duba shi a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Abin da dattawa suka gani, har suka ce daji ba ya son ƙarfe, mafi yawa shi ne maras lafiyar da aka kai likita bayan cutar ta riga ta yi nisa, sai aka ɗora wa allura laifin jinkiri.

Wannan nisan shi ake aunawa da mataki, daga na 1 zuwa na 4. A mataki na 4 cutar ta bi jini ko hanyoyin kaluluwa ta sauka a wata gaɓa, kamar ƙashi ko hanta ko huhu, abin da ake kira metastaz, wato sauya mazauni. Ko ta koma ƙashi, sunanta sankarar nono, kuma maganin sankarar nono ake ba ta.

Shimiyo magani ne da aka fi bayarwa ta ƙarin ruwa, zango zango, galibi da hutun ƴan makonni a tsakani. Yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, to saiwar gashi da fatar cikin baki da hanji ma suna cikin masu saurin, shi ya sa ake amai, gashi ya zube, ya kuma sake tsirowa bayan an gama. Kada ki haɗa shi da gashi, wato kashe ƙari da haske mai ƙarfi, wanda a rubuce ya yi kama da gashin kai amma a baki wasalinsa gajere ne, daga gasa. Kada kuma ki ɗauka gashin nan shi ne radiyo da ake ɗauka a babbar likitar Damagaram, wannan hoto ne kawai. Na'urar gashin tana cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, an buɗe sashen a 2021, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan.

Wani kuma daga Zango ya tambayi ma'anar ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin ya ji wata ungozoma ta faɗa wa matarsa. Malam, nufinta idan lokacin bayyana abu ya zo, kunya ba ta da wuri. Ungozomar tana nufin gwajin bakin mahaifa ne, wanda ke gano sauyin da ƙwayar cutar da ake kira HPV ke haddasawa shekaru kafin ya zama sankara, lokacin da matar ba ta jin ciwon komai.