Sunayen da na'ura ta ba ka, zargi ne tukuna

Ka ce ka gwada ganyen shukar Arabidopsis mai lafiya da wanda aka kashe masa kinas (furotin mai ɗora fosfet a kan wasu furotin), wuraren fosfet da yawa suka ragu, kana tambaya ko duk kinas ɗinka ne ke taɓa su. A'a, ɗana. Ba duk wanda aka gani a wurin da aka yi sata ba ne ɓarawo.

Tuna abin da na'urar auna nauyin gutsattsarin furotin take gani. Ka yanka furotin da tiripsin (enzayim mai yanka furotin), ka tace gutsattsarin da ke ɗauke da fosfet da garin titaniyam dayoksaid, ita kuma ta ga gutsure ya ƙaru da Dalton kusan 80 a kan sirin, ko tirionin, ko tairosin, wato amino asid ɗin da fosfet ke zama a kansu. Iyakarta ke nan. Za ta gaya maka inda fosfet ya zauna da yawansa, amma wanda ya ɗora shi ba ta san shi ba. Arabidopsis kuwa tana da kinas wajen 1,000, da yawansu wani ke tada wani. Dubi jerin kinas ɗin da ake kira MAPK, hawa uku ne: ka kashe na sama, na ƙasa duk su yi tsit, furotin ɗin da suke taɓawa su faɗo cikin jerinka, alhali kinas ɗinka bai taɓa haɗuwa da su ba.

Sannan ka auna yawan furotin ɗin kansa? Shukar da ta girma ba kinas tun tana iri ta riga ta sauya hali. Wani lokaci fosfet bai ragu ba, furotin ɗin ne ya yi ƙaranci.

Abin da na fi so ka kula da shi lokaci ne. In ka zuba flg22 (gutsuren furotin na bakteriya da ke tada garkuwar shuka), cikin 'yan mintuna saƙo ya wuce ta FLS2 da BAK1, masu karɓarsa a bayan ƙwayar halitta, ya kai kinas ɗin BIK1. Wanda ya jira awa guda, abin da ya biyo baya yake aunawa. Ɗauki samfur da wuri, ka tsoma shi cikin ruwan naitirojin nan take, har ka ji ya daina tafasa, ka niƙa shi a daskare da maganin hana fosfatas (enzayim mai cire fosfet). Yankan ganye kansa rauni ne, yana tada kinas, don haka kada almakashi ya riga sanyi da yawa. Rubisco ma, furotin ɗin da ya fi yawa a ganye, sai ka yi da shi, don yakan rufe ƙananan furotin ruf.

In kuma ka kashe kinas ɗaya ba ka ga canji ba, kada ka ce ba ya aiki. 'Yan uwansa sun rufa masa. A aikin ABA (hormon ɗin shuka na lokacin fari) sai da aka haɗa kinas ɗin SnRK2 uku aka kashe, 2.2 da 2.3 da 2.6, da irin wannan shukar aka yi binciken wuraren fosfet a 2013.

Tabbatarwa da hannu ake yin ta. Tsarkake kinas, ka haɗa shi da furotin ɗin da ATP (mai ba da fosfet) a kwalba, gefe guda ka sa mataccen kinas don gwaji. Amma kwalba tana ruɗi: kinas in ya yi yawa kusan komai yake taɓawa. Sai ka nuna su biyun suna wuri ɗaya cikin ƙwayar halitta, ka mai da sirin ɗin alanin (wanda fosfet ba ya zama a kansa), ka ga ko aikin ya tsaya a shuka. Haka aka bi kafin a yarda OST1 (wato SnRK2.6) na buɗe SLAC1, mashigar da ke sa ƙofofin ganye su rufe, a 2009, BIK1 kuma na tada RBOHD, enzayim na garkuwar shuka, a 2014. Mai da sirin ɗin asfatet don kwaikwayon fosfet ban cika dogara da shi ba, sau da yawa ba ya kama da na gaske.

Je ka ware waɗanda suka canza tun farko, suka maimaitu a kowane samfur, kuma furotin ɗinsu bai ragu ba. Kawo mini su mu zaɓi na farkon shiga kwalba.