Tambaya da Amsa: Zan je Santambul saro kaya, yaya zan yi da 'yan sane a cikin mota da jirgi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ban taɓa fita waje ba sai wannan karon da maigidana zai tura ni Turkiyya saro kaya. Abokai suna ta ba ni tsoro wai a can 'yan sane sun fi ƙarfin mutum, a cikin jirgin ƙasa za a zare maka waya da kuɗi ba ka ma sani ba. Kuɗin da zan riƙe ba nawa ba ne, amana ce. Don Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Aikina kenan shirya wa mutane tafiya, 'yan kasuwa da masu Umara da ɗalibai, kuma wallahi wannan tambayar taka ta fi mini daɗi a kan ta farashin tikiti, don yawancin mutanenmu sai abu ya faru sannan suke bugo waya.

Da farko ka kwantar da hankalinka, Santambul ba garin tashin hankali ba ne, mutum sama da miliyan 15 ne a ciki kuma kullum suna hawa motocin nan suna sauka lafiya. Amma ka cire hoton ƙwacen wayar da muka sani a nan Kano daga ranka, inda yaro zai tare ka a lungu da makami. Ɗan sanen can ba ya son ka ma san ya zo, yana sanye da kaya masu tsafta, wani lokacin mace ce da jaka, wani lokacin yara ne matasa, kuma da wuya ka same shi shi kaɗai. Ɗaya ya tare maka hanya, ɗaya ya sa hannu, na uku ya karɓa ya sauka, to ko ka damƙe wanda ka ji hannunsa a jikinka ba za ka samu komai a wurinsa ba.

Tunda kaya za ka saro, ƙafarka ba za ta rabu da unguwannin Laleli da Aksaray ba, wataƙila da Merter da Osmanbey. Akwai jirgin kan titi da suke cewa T1, shi ne yake bi ta Aksaray da Laleli da Beyazit inda babbar kasuwar nan mai rufi take, ya wuce Sultanahmet har Eminonu. Layin nan 'yan kasuwa da masu yawon buɗe ido duk shi suke hawa, shi ya sa yake cika maƙil, kuma duk inda baƙi masu kuɗi a jiki suka cunkushe to nan 'yan sane suke kiwo. Haka abin yake a Faris a jirgin da yake ɗauko mutane daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, haka a Rum a bas mai lamba 64, ba wai Turkiyya ce kawai ba.

Wajen da na fi so ka riƙe shi ne bakin ƙofa. Kusan duk aikin a nan ake yin sa, lokacin shiga da lokacin fita. Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, kowa yana turawa, sai wanda yake gabanka ya tsaya cak kamar ya manta wani abu ko kamar katinsa ya faɗi, na baya ya danno ka, kai hankalinka yana kan kar ƙofa ta rufe ba ka shiga ba, hannunka ɗaya yana riƙe da ledar kaya ɗaya yana neman ƙarfen riƙewa, to a wannan daƙiƙar aljihunka ba shi da mai gadi. Kafin ka ankara ƙofa ta rufe, kai kana ciki su suna waje. Don haka in ka ga tarago ya cika har baki, bar shi ya wuce, wani yana zuwa nan da 'yan mintuna, babu kayan da za su ƙare a Laleli saboda ka jira. In ka shiga kuma ka matsa can ciki, ka samu jikin bango ka jingina bayanka, kar ka tsaya a bakin ƙofa kana latsa waya, don akwai masu jiran ƙarar rufe ƙofa su fizge su fice. Irin wannan tsayawar ta ganganci ana yin ta a saman matakalar nan mai tafiya da kanta, da kuma wajen da ake ɗora kati a wuce.

Yanzu maganar kayan jikinka, kuma nan ne mu Hausawa muke da matsala ta musamman. Kaftaninmu aljihun gefe ne da shi, buɗe yake ba zif, ga shi rigar ba ta kama jiki ba, mutum zai zura yatsu biyu ya ɗauke waya ba ka ji komai ba saboda yadin ba ya taɓa fatarka. Aljihun gaba ma da muke saka waya da kuɗi, daga sama ana hango abin da yake ciki. Kafin ka tafi ka je wajen telanka ya yi maka aljihu na ciki a wando, ta gaba, ƙasan mazagi, ya sa masa zif. Ko ka nemi lalita irin wadda ake ɗaurawa a ƙugu, ta kwanta a kan singileti riga ta rufe ta. Fasfo da manyan daloli can za su zauna, kuma ba a buɗe wannan wajen a gaban mutane, in za ka biya kuɗin kaya ka shiga can cikin shago ko banɗaki ka ciro abin da kake bukata. A aljihun waje ka bar 'yan Lira na abinci da shayi da katin mota, wato Istanbulkart, shi ka riƙe shi daban don kar kullum sai ka fito da walet a bakin tasha.

Kuma don Allah kar ka haɗa komai waje ɗaya. Na sha ganin mutum ya sayi 'yar jakar nan ta hannu ya zuba fasfo da kuɗin da ya canzo a Wapa da katin ATM da waya duk a ciki, wai don kar ya manta wani abu. Jaka ɗaya ta tafi, tafiyar gaba ɗaya ta tafi. Raba kuɗin kashi-kashi, wanda ba ranar za ka kashe shi ba ka kulle shi a akwatin ajiya na otal. Ni a ganina ma ka zauna da maigidanka ku duba ko za a tura wa masu kayan wani kaso ta banki, kuɗin amana bai kamata ya riƙa yawo a jirgi ba in da yadda za a yi. Fasfo kam ka riƙe shi a jikinka a aljihun cikin nan, saboda 'yan sanda suna iya tsayar da baƙo su nemi takardunsa, amma ka yi fotokwafinsa da na biza ka bar ɗaya a otal, ka tura hotonsu ta WhatsApp ga wani a gida.

Jakar goyo in ka shiga mota ka juyo da ita ƙirjinka, mutane da yawa a can haka suke yi ba wanda zai kalle ka. In da mace a tafiyar, jakarta ta rataya ta a wuya ta ƙarƙashin hijabi, zif yana ta gaba hannunta a kai.

Sai dabarun ɗauke hankali. Wani zai nuna maka wai wani abu ya zuba a rigarka ya fara goge maka, wani zai buɗe taswira ko takarda a gabanka yana tambaya, ƙarƙashin takardar hannu yana aiki. Wanda ya fi kama mutanenmu shi ne mai sallama, ya gan ka da hula ya yi maka assalamu alaikum ya riƙe hannunka yana rungumarka yana kiran Najeriya. Ka amsa sallama, wannan haƙƙi ne, amma amsa sallama ba ta wajabta maka barin baƙo ya rungume ka a cikin cunkoso ba. Wanda kuma ya ce shi ɗan sanda ne ba kaki yana son ganin kuɗinka wai zai duba ko jabu ne, kar ka buɗe masa walet, ka ce ku je ofis. Wani abu kuma, ka daina yawan shafa aljihun da kuɗi yake, kana nuna musu wajen ne da kanka.

Wayarka kafin ka bar Kano ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda, ka sa wa wayar makulli mai ƙarfi, sannan layin ma ka sa masa PIN. Mutane suna raina wannan, alhali layin nan shi ne haɗe da asusun bankinka, duk wanda ya cire shi ya sa a wata wayar saƙonnin bankinka wajensa za su riƙa zuwa. Ka rubuta lambar otal da ta maigidanka da ta bankinka a takarda, ba a waya kaɗai ba.

In kuma Allah ya ƙaddara abin ya faru, kar ka bi kowa da gudu, kar ka cakumi wanda kake zargi, ba ka jin yaren kuma ba ka san su nawa ne ba. Ka ɗaga murya mutane su juyo, ka sauka a tasha ta gaba ka samu ma'aikatan tsaron wajen. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce, ita ce kuma a ƙasashen Tarayyar Turai. Nan take ka sa a rufe katin banki da layin, sannan ka je ofishin 'yan sanda su ba ka rahoto a rubuce, ka roƙi ma'aikacin otal ko mai shagon da kake sayayya ya raka ka saboda fassara. In fasfo ne ya tafi, da wannan rahoton da fotokwafin nan za ka nemi ofishin jakadancin Najeriya da yake Ankara, tafiyar sama da kilomita 400 daga Santambul, su yi maka takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta dawo da kai gida. Ka kira su kafin ka kama hanya don ka ji abin da za ka taho da shi, ka kuma sanar da kamfanin jirginka da wuri in ranar dawowarka za ta canza.