Kama haya a unguwar Stockyards ta Fort Worth

Ɗan'uwa ka ce aiki zai kai ka Fort Worth a jihar Texas, kana tambaya ko ka kama haya a Stockyards. To gaskiya wajen akwai kyau, tsohuwar kasuwar shanu ce, tun 1976 aka sa ta cikin wuraren tarihi na Amurka, har yanzu kullum kaboyi na kora shanu masu dogayen ƙaho a titin Exchange, 11:30 na safe da 4 na yamma, kai ka ce Fulani ne suka ratso gari. Amma fa wajen 'yan yawon buɗe ido ne, daren Juma'a da Asabar ana wasan hawan bijimai a Cowtown Coliseum, ga kiɗa a gidan rawa na Billy Bob's ga mashaya ko ta ina, in mai son barci da wuri ne kai wallahi za ka sha wahala, wajen fakin ma sai an yi da gaske. Ni dai da ni ne zan ɗan matsa cikin unguwar Northside da ke nan kusa, ya fi sauƙin kuɗi kuma shiru.

Maganar takardu kuma, yawanci masu gidajen haya suna so albashinka ya ninka kuɗin haya sau 3, za su duba tarihin bashinka, in sabon zuwa ne ba ka da shi sai su ƙara maka kuɗin ajiya ko su ce kawo wanda zai tsaya maka. Dokar Texas ta ce a mayar maka da ajiyar cikin kwana 30 bayan ka tashi, amma sai ka ba su sabon adireshinka a rubuce. Ka gwada esi kafin ka sa hannu, zafin Yuli da Agusta can ba wasa ba ne, kuma kuɗin wuta kai za ka biya.