Hoton ciki ya ce mace, surukata ta ce namiji

Tambaya: Likita, cikina wata uku. An yi min hoto a Gusau an ce mace ce, uwar mijina kuma ta ce yawan kwaɗayin tsamiyar da nake yi alamar namiji ce. Wa zan yarda da shi?
Mai karatu daga Talata Mafara

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki fara ɗinka kayan jariri tukuna. Kafin mako 14, al'aurar namiji da ta mace kusan kamarsu ɗaya a hoto. Ki koma tsakanin mako 18 zuwa 22. Ko a nan ma ana kuskure: igiyar cibiya kan sauko tsakanin cinyoyi a zaci namiji ne, ko jaririn ya harɗe ƙafafu ya juya baya. In haka ta faru, ki ɗan zagaya ki dawo a sake dubawa. Kwaɗayi kam ba ya nuna jinsi, amma ki bi Hajiya a hankali.