Ku Tambayi Anti: Ni dai sharhina duk ba da labari yake komawa

Tambaya: Salam Anti, ya aiki ya iyali. Muna da wani gurup na mata a WhatsApp da muke karanta littafi ɗaya duk wata, yawanci na zaman aure da kishi, wani lokacin kuma irin wanda mutum ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa. To duk sanda aka ce ni zan yi sharhi sai in tsinci kaina ina ta ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, in rufe da "akwai darasi sosai". Ya ake yi ne don Allah? Daga ƙanwarki a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, lafiya lau. Ai ba ke kaɗai ba ce, rabin sharhin da ake turo mana haka yake. Labarin ki taƙaita shi a layi uku kawai, tunda 'yan gurup ɗin sun karanta, abin da suke jira shi ne me kika gani wanda su ya wuce su.

Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Kowa zai ce miki ai Alhaji Abdu ne ya auro Delu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, daga baya gobara ta cinye masa shago, alhaki ya kama shi, shi ke nan. Amma ni inda littafin ya fi kama ni wajen kuɗi ne, yadda cefanen da yake bayarwa ba ya isa tun kafin amarya ta shigo, da yadda Rabi ta koma sayar da abinci ta riƙe yaran nan da guminta, to nan ne za ki gane marubuciyar ta san gidan da take magana a kai, ba ji ta yi a bakin wani ba. Sai kuma ƙarshen, da aka taru aka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta. Wannan nasara ce ko wani sabon ɗaurin? Wallahi wannan tambayar kaɗai ta ishe ku muhawara har a kira magariba, kuma ki faɗi naki ra'ayin ƙarara, kar ki laɓe a bayan "Allah ya kyauta".

Shi kuwa tarihin rayuwa da ɗan bambanci. A ƙagaggen labari in kishiya ta fito muguwa tsantsa ba ko ɗigon alheri, laifin marubuci ne, ki faɗa. Amma in mace ta rubuta nata rayuwar, kishiyar nan mutum ce ta gaske, wataƙila ma tana raye da 'ya'yanta, kuma ba wanda ya ba ta shafi ko ɗaya ta kare kanta. Don haka ki lura ko mai littafin ta taɓa nuna inda ita ma ta yi ba daidai ba, ko kuwa shafi ɗari biyu duk ita ce aka zalunta. In na biyun ne ki rubuta hakan cikin ladabi, amma fa littafin za ki yi wa hukunci, auren nasu ba ki da hurumi a ciki.

Ki turo min na watan gobe in duba miki kafin ki sa a gurup.