Amsa: Ruɓewar 'ya'yan jakfurut, bakteriya ce ko fumfuna?

Malam, ka ce 'ya'yan jakfurut ɗinka a Kafanchan suna ruɓewa tun farkon damina, kana zargin bakteriya. Kafin ka sayi magani, duba ƙananan 'ya'yan. Idan sun yi baƙi, ga farin gashi kamar auduga a kansu, wannan fumfunar Rhizopus ce. Ita ta fi addabar jakfurut a lokacin laima.

Bakteriyar da aka san tana kama jakfurut ita ce Pantoea stewartii, an tabbatar da ita a Filifin da Malesiya. Idan ita ce, ɓawon yana nan lafiya ƙalau, sai an yanka a ga tsokar ciki ta koma ja-ja kamar tsatsa.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Ka ɗebi samfurin a iyakar da ruɓa ta haɗu da tsoka mai lafiya, don tsakiyar ruɓar cike take da wasu ƙwayoyin da suka biyo baya. Sa shi a takarda cikin kula mai ƙanƙara, leda tana hanzarta lalacewa. Kai shi IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya, a ranar.

A can za su wanke shi da bilic mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na minti ɗaya, su ɗauraye sau uku, su shuka a agar, wato abincin da ake raya ƙwayoyin cuta a kai, a zafin digiri 28 na awa 48. Pantoea tana fitowa rawaya. Daga nan sai gwajin PCR, mai gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, sannan a saka ta a lafiyayyen ɗan jakfurut a ga ko ciwon zai dawo.

Kafin sakamako, binne waɗanda suka ruɓe, kuma wanke wuƙa da bilic bayan kowace bishiya.